Ranar da Motar Illa ta Ƙi Hawa

Illa Direba ya cika da sassafe a likitar Ƙonni, a tsakiyar bazara, cikin watan da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa da rana. Kafin ya cika ya bar wasiyya biyu a gaban matarsa Kaltume. Ta farko, a kai shi Tudun Maƙera, ƙauyensu da ke bisa dutse cikin ƙasar Illela, a rufe shi kusa da uwarsa. Ta biyu, a kai shi cikin motarsa, kuma kada kowa ya riƙe sitiyari sai ɗiyarsa Karima.

Ta farkon ba wanda ya ce uffan. Ta biyun ce ta tsaya wa ƙanensa Habibu a maƙogwaro.

"Zafin ciwo na, Kaltume," in ji shi, yana tsaye a ƙofar ɗaki bayan an gama wanka da sutura. "Wa yat taɓa ganin mace ta ja gawa? Tasha cike take da direbobi."

Kaltume ba ta ɗaga kai ba. "Da hankalinshi ya faɗi. Sau biyu ya faɗi."

Karima na tsakar gida, kanta cikin bakin motar, tana duba ruwa da baƙin mai. Ta ji su, ta ci gaba da aikinta. Ita ce 'yar fari, kuma ita kaɗai ce mace a ajinsu na kanikanci a lakwal ɗin koyon sana'a. Ta sha dariya tun ranar da ta fara sa rigar gareji bisa zanenta. Ta sha "wa zai auri mai warin gazuwal", ta sha "bari ki ga ranar da taya za ta faɗo miki". Ta haɗiye duka, ta fito da takardarta, ta yi farmi, takardar izinin tuƙi. Tun da ciwo ya kwantar da ubanta, ita ke jan tsohuwar Fijon nan a-kori-kura, ta ɗauko albasa daga Galmi, ta kai hatsi kasuwar Illela. Gidan da motar yake ci, motar kuwa da hannunta take tafiya.

Ba maganar Baba Habibu ce ta dame ta ba. Rana ce. Hanyar Tudun Maƙera tana barin kwalta ta bi jar ƙasa, a ƙarshenta kuma akwai hawa guda, Hawan Ɗan Kuka, mai tsawo da tsakuwa da kwana a tsakiyarsa. A bazara Illa bai taɓa yarda hantsi ya same shi a gindin hawan nan ba. Mutanen ƙauye suna cewa tsoron aljanun tsakar rana yake yi. Shi kuwa dariya yake yi, ya bar su da zancensu.

Ta goge hannu, ta je ta durƙusa.

"Baba, mu tahi yanzu. In rana ta take, motar ba ta son hawan."

"Mu tahi mu bar wa? Mutanen Tsarnawa na hanya. Surukanshi na Bazaga ba su iso ba. So kike a ce munka sace shi awa kayan fasa-ƙwauri?"

"Su same mu can."

"Ke ɗiyar ga, rakiyar gawa ba lodin albasa ba ta. Ba a barin kowa."

Haka aka jira. Na Tsarnawa suka zo, aka yi gaisuwa, aka yi kuka. Na Bazaga suka zo bisa amalanken jaki, aka sake. Aka ce to, tunda azahar ta gabato, a yi salla tukuna. Karima na kallon inuwar katanga tana ƙanƙancewa har ta shige ƙarƙashin katangar. Can ƙauye an riga an buga waya, an gina kabari, liman ya ce bayan la'asar za a yi salla. Gawa kuma a irin wannan zafi ba ta jira, kowa ya sani, ba mai son faɗi.

Aka shimfiɗa Illa a bayan motar bisa makara, cikin likkafani da sabuwar tabarma. Maza suka hau, suka jeru gefe da gefe, gwiwa na gugar gwiwa. Wanda bai sami wuri ba ya ɗane murfin baya. Wasu suka tsaya bisa ƙarfe suna riƙe da juna. Ba wanda ya isa ya ce wa wani sauka, don wanda aka hana rakiya ba ya mantawa har tasa ranar ta zo. Karima ta duba ƙasan motar, ta ga ta zauna bisa tayoyinta kamar raƙumar da ta gaji. Ta ɗauki jarkar ruwa guda ta tura ƙarƙashin ƙafafun uwarta a gaba. Babura uku suka biyo su a baya.

A kan kwalta motar ta tafi, amma Karima na jin ta a tafin ƙafa. Totur ɗin da da asuba ake shafa shi mota ta zabura, yanzu sai ta danna shi ya yi nisa kafin injin ya amsa. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanda take fitowa. Gonaki fayau, sai kututturen karan bara da awaki maƙale a inuwar aduwa. A baya wani dattijo, Malam Zaidu, wanda suka yi karatun allo tare da mamacin, yana jan salati, sauran na amsawa.

Ta tuna wata rana tana ƙarama, tana zaune inda uwarta ke zaune yanzu. Ubanta ya ce mata, "Karima, mota numfashi take yi awa ke." A samartakarsa ya yi jigila can arewa, cikin duwatsun Abzin, ya ce can in ka yi ta hawa sai ka ji mota na haki kamar tsoho, alhali ba abin da ya lalace. Da ta shiga lakwal ta ji sauran zancen. Injin ba mai kaɗai yake ci ba, da iska yake haɗawa. Bisa dogon dutse iska ba ta da kauri. In kuma rana ta dafa ta, haka take tsinkewa ko a ƙasa kake. Injin ya ja cikin bakinsa, abin da ya samu kaɗan, kamar furar da aka tsinka da ruwa, ƙwarya cike, ciki ba komai. Da ta dawo gida ta faɗa masa, ya buga cinya ya ce, "Ashe zahi ma dutsi na, ba a dai ganinai!" Ya daɗe yana maimaita wannan magana a tasha kamar shi ya gano ta.

Kaltume ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Ke, hawaye na hana ganin hanya."

Ba ta taɓa kiran sunanta ba, kunyar 'yar fari. Karima ta goge fuska da kafaɗa.

Suka bar kwalta. Suka wuce wani busasshen kwari, yashi ya ja ƙarfin motar, allurar zafi ta ɗaga kai. Sai ga Hawan Ɗan Kuka a gabansu, ja, yana rawa cikin hucin rana. Karima ta yi bisimilla, ta ɗauki gudu iyakar abin da tsakuwa ta yarda, ta shiga hawan da giya ta biyu. Kafin kwana ta koma ta ɗaya. Injin ya yi ƙara, ƙarar ta yi ta sirancewa. Ta danna totur har ƙasa. Motar ta yi tari, ta shaƙe, ta sake tari, ta mutu.

Sai ta soma ja da baya.

Salati ya koma ihu. Karima ta taka birki da dukan ƙarfinta, ta ja na hannu. Wasu suka dira suka cusa duwatsu bayan tayoyi. Motar ta tsaya a karkace, daf da kwana, makarar ta zame kaɗan har sai da Malam Zaidu ya tare ta da ƙirjinsa.

Ta murza makulli. Injin ya juya, bai kama ba. Ta sake. Warin mai ya cika gaban motar.

Sai mugun zance ya tashi. Wani daga mutanen Bazaga ne ya fara, a hankali, amma kowa ya ji.

"Gawa ta yi nauyi."

"Subhanallahi."

"Ni da idona na ga motar ga ta hau nan da buhunan albasa har sama da kai. Yau mutane kaɗai ta kasa?"

"In mamaci ya ƙi tahiya, akwai abin da ya bari."

"Ko akwai abin da anka yi mai wanda bai so."

Malam Zaidu ya ce, "Ku ji tsoron Allah, wanga zance ba shi cikin littahi." Amma muryarsa ba ta yi ƙarfi ba.

Karima ta san yadda irin wannan magana ke tafiya. Kafin a gama sadakar uku ta isa Illela, kafin ta bakwai ta kai Ƙonni. Shekara ashirin nan gaba, in an ambaci Illa Direba, ba za a ce mutumin da ya kai matan ƙauye likita ba dare ba rana ba. Za a ce wanda gawarsa ta ƙi hawa.

Baba Habibu ya zagayo wajen taga, fuskarsa jiƙe da zufa.

"Sauko. Na faɗi tun da sahe. Zan kira Lurwanu direba daga Illela shi zo shi ja ta."

"Lurwanu na Galmi wajen lodi, Baba. Kahin shi iso rana ta faɗi. Kuma ko ya zo, motar ga dai zai tarar."

"To mi kike so? Mu zauna da shi cikin rana har..." Bai ƙarasa ba. Ya juya ya ce wa wani, "Kawo ruwan can a kwara wa injin."

"Kada wanda ya kwara mai ruwa!"

Muryarta ta fita fiye da yadda ta nufa. Maza suka juyo. Ta buɗe ƙofa ta sauko, ta tsaya a gabansu, ba ta durƙusa ba.

"In kunka zuba ruwan sanyi bisa ƙarfe mai zahi ya tsage, nan za mu kwana. Ku gafarce ni, iyayena. Albasan da kunka gani, da sanyi anka hau da ita, da asuba. Motar da ta hau ran nan ba ita ta wagga ba, ko da lamba guda ta. Rana ta cinye mata ƙarhi. Ba aljanu ubana yake gudu ba da yake sammako, wanga yake gudu."

"Karatun lakwal," in ji na Bazaga. "Yanzu rana ka tuƙa mota?"

"Kawu, kun ce shi ya yi nauyi?"

Ya kau da kai, ta juya ga sauran.

"To ku sauka duka. Ku bar min shi. In shi na ya ƙi, zai ƙi ko ba kowa. In ta hau da shi, ku san wa ad da nauyi."

Wani ya ja tsaki. Baba Habibu ya ce, "Ki sauke dattawa daga rakiyar ɗan'uwansu? Wa yat tarbiyyantar da ke?"

"Wanda ke kwance nan."

Maganar ta faɗi tsakaninsu kamar dutse cikin rijiya. Karima ta san ta faɗi abin da ba za a manta mata ba, kuma ba ta da niyyar janye shi.

Malam Zaidu ne ya motsa. Ya gyara makarar, ya zuro ƙafa, ya sauko da ƙyar yana dafa ƙarfe mai zafi. Ya kakkaɓe rigarsa.

"Mu da munka tashi, da ƙahwa aka bin gawa," in ji shi. "Kowane taki da ladarshi. Mota ta sa munka zama malalata. Habibu, in ɗiyar ta yi kuskure, ga mu ga ta a bisa. Ni dai na tahi."

Ya kama hawan, a hankali, hannu a baya. Mutum biyu suka bi shi. Sauran suka tsaya suna duban Habibu. Daga cikin mota Kaltume ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Sau biyu ya faɗi, Habibu."

Habibu ya dubi tabarmar da ta rufe wansa. Sannan ya ce wa mutane, "Ku sauka."

Ba ta tashi motar nan take ba, kuma wannan ne ya fi wuya. Ta sa aka janye duwatsu, ta bar ta ta gangara da baya sannu a hankali, birki na kuka, har gindin hawan inda wani gawo yake, shi kaɗai ke da ganye a wannan watan. Ta juya hancin motar wajen da ɗan huci ke busowa, ta buɗe bonet. Zafi ya daki fuskarta. Lagireto na tafasa a ciki, ba ta taɓa murfinsa ba. Ta kwance matatar iska, ta buga ta a jikin taya, jar ƙura ta zubo kamar an zazzage buhu. Famfon mai ya yi zafin da man ke zama tururi tun bai kai ciki ba. Ta nemi tsumma, babu, an share motar tas saboda gawa. Ta kama bakin mayafinta da haƙori ta keta, ta jiƙa shi da ruwan jarka, ta naɗe famfon da bututunsa. Tsumman ya yi ta hayaƙi. Ta sake jiƙawa.

Sai jira. Masu babura suka kwashi tsofaffin da ba su iya hawa. Sauran suka bi sawun Malam Zaidu, fararen riguna warwatse a jikin jan dutse. Baba Habibu bai tafi ba. Ya tsaya a bayan motar, ya buɗe babbar rigarsa ya yi wa makarar inuwa inda gawon bai kai ba. Kowane ɗan lokaci sai ya dubi rana, ya dube ta.

"Ba ta yi ba?"

"Da saura, Baba."

"La'asar ta kusa."

"Na gani."

Ta gani ƙwarai. Inuwar gawon ta soma miƙewa gabas. Hannunta na ƙaiƙayin makulli, amma ta san in ta yi gaggawa motar ta sake mutuwa a kwana, ba ta da sauran bakin magana, kuma ba ta da sauran rana. Ta zauna a kan dutse, ta ƙura wa allurar zafi ido. Uwarta ta miƙo mata ruwa a murfin jarka. Ta kurɓa, ta zuba sauran a kan tsumman.

Da ta ɗora tafin hannu a kan ƙarfe ta iya barinsa can, ta tashi. Ta ƙara ruwa a lagireto, ta rufe bonet. Ta murza makulli. Injin ya juya, ya yi tari, ya kama.

"Baba, hau ka riƙe shi."

"Ni ba ni da nauyi?"

"Kai guda za ta iya."

Ta ja baya ta ƙara nisa, ta ɗauko gudu. Wannan karon ba ta jira motar ta roƙa ba, tun a gindin hawan ta ba ta giya ta ɗaya, ta riƙe totur a wuri guda, ba ta danne shi har ƙasa ba. Tsakuwa na fallatsa. Kwanar ta taho. Ƙarar injin ta sauka, ta sauka, Karima ta ji numfashinta ya tsaya tare da ita.

"Haure, tsohuwa," ta ce a hankali, yadda shi yake ce mata. "Maigidanki na kinka ɗauko."

Motar ta yi rawa, ta kama ƙasa, ta sha kwanar. Masu tafiya suka dare gefe biyu. Ta wuce su ɗaya bayan ɗaya, ta wuce na Bazaga yana haki ya dafa gwiwa, ta wuce Malam Zaidu, wanda ya ɗaga hannu bai juyo ba. Sai ƙasa ta miƙe, sama ta buɗe, ga rumbunan Tudun Maƙera can gaba da hasumiyar masallaci.

Ta tsaya a bisa tudun ta jira su, injin na aiki. Da suka iso ba wanda ya sake hawa. Suka jeru a bayan motar, ta ja ta a hankali daidai da takunsu, har ƙofar masallaci. Ladan na kiran la'asar.

Aka yi salla. Maza suka ɗauki makarar a kafaɗa suka nufi maƙabarta, suna karɓeɓeniya. Mata suka shige gidan makoki da Kaltume. Nan iyakar Karima. Ta kai shi inda aka ce ta kai shi, sauran tafiyar ba tata ba ce. Ta mayar da motar ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ta buɗe bonet, ta zauna a ƙasa ta jingina da taya. Daga nan tana hango bayansu har suka shige tsakanin gonaki. Ƙarfen injin na ƙyas, ƙyas, yana hucewa. Sai a lokacin ta yi kukan da ta riƙe tun safe, ta yi shi da yagaggen mayafinta a baki.

Rana ta yi ja kafin su dawo. Suka wuce ta rukuni rukuni, wasu suka ce mata Allah ya ba da haƙuri, wasu suka kau da kai. Na Bazaga ya wuce kamar bai gan ta ba. Baba Habibu ne na ƙarshe, ƙasar kabari har gwiwar wandonsa. Ya tsaya a gabanta. Ta yunƙura za ta durƙusa, ya ɗaga hannu.

"An rufe shi kusa da Inna," in ji shi. "Ni na kama wajen kai." Ya dubi tafin hannunsa. "Awa kara, ba shi da nauyi. Na faɗa musu can bakin kabari, kowa ya ji."

Karima ta gyaɗa kai.

"Amma maganar da kinka faɗa min gaban mutane, ba ta wuce ba."

"Na sani, Baba."

Ya leƙa cikin injin, ya ga tsumman da ya bushe a jikin famfo. Ya taɓa shi da yatsa.

"Mutanen Tsarnawa na son komawa gobe. Yaushe za ku tashi?"

"Da an sallame asuba."

"Zan faɗa musu," in ji shi. "Wanda ya makara shi taho da ƙahwa."